Muryar Baba

Gaya, daren Talata

Yau Madam ta koya mana kalmomin Ingilishi na yadda ake magana: raɗa, gunaguni, tsawa. Ta ce kowa ya kwaikwayi wani na gidansu. Da aka zo kaina, sai na yi muryar Baba tun da kamiyonsa, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, ya daina tsallaka gadar kan iyaka: "To. Ajiye nan." Aji ya fashe da dariya, har ƙawata Hadiza. Ni kuwa ƙwalla ta cika mini ido.

A littattafan soyayya, miji raɗa wa matarsa yake. Ɗazu Inna ta ce, "Maigida, ga tuwo." Na laɓe bakin ƙofa ina jiran ya amsa mata. Sai kawai ya ƙara muryar rediyo.