Kejin Gora a Tafkin Makaranta

Hijoltola, farkon damina

Zuwa ga mahaifiyata, Ammu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma ciwon bayan da keken ɗinkin kamfani ya sa miki ya yi sauƙi. Kakata Dadi tana gaishe ki, ta ce jikin tsufa da godiya. Na rubuto ne don idan kin kira wayar baffana, Chacha Mofiz, yana tsaye a kaina, maganata maƙalewa take. Maƙwabciyarmu Parul za ta kawo miki wasiƙar in ta hau jirgin ruwan Dhaka.

Kin san tun da ruwa ya ci ƙanena Ripon a tafkin bayan gida ba na cin abinci, ba na barci, ko kwanuka ba na iya kaiwa bakin ruwa. Likita ya ce jikina ƙalau yake. To wata mata ta zo ƙauyenmu, Apa Shirin, tana koya wa yara iyo kyauta. Ta kafa keji na gora a cikin tafkin makaranta, ruwan iya ƙirji. Ta zo har gida ta roƙi Chacha, tunda shi ke riƙe da mu bayan rasuwar mahaifina, Abbu. Ya ce in dai zai sa in ci abinci, in je.

Ranar farko na ƙanƙame gora don tsoro har na yi amai. Wata yarinya, Jhuma, ta ce, "Ke bebiya, saki mana, ruwan ba shi da haƙori!" Kowa ya yi dariya ban da Apa. Ta ɗaure mini gyalena a kugu, ta sa tafin hannunta a bayana, ta ce in kwanta in kalli sama. Ammu, ruwa ya ɗaga ni, ban nutse ba. Da na zaci haɗiye mutum kawai yake yi.

Yanzu da yunwa nake dawowa. Jiya na ci shinkafa da ɗanyen barkono har na kankare tukunya, na yi barci sai da Dadi ta tashe ni sallah.

Ki huta lafiya.
’Yarki, Shefali

Hijoltola, tsakiyar damina

Ammuna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya jikin? Mu muna nan, sai dai abu ya faru.

Apa ta kawo ’yar tsana ta roba ta nuna mana yadda ake yi wa yaron da aka tsamo daga ruwa. A kwantar da shi, a hura masa numfashi a baki, a danna ƙirji. Ta ce kada a ɗaga yaro sama da kai ana juyawa don ruwa ya fita, kada a tsaya shafa masa gishiri da toka, lokaci ne ke ƙurewa. Ta ce kuma ba gaskiya ba ne wai in uwa ta taɓa shi zai mutu.

Kin tuna ranar da aka tsamo Ripon. Chacha ya ɗaga Ripon yana ta juyawa a tsakar gida, mata sun rirriƙe ki kina kiran sunansa.

Ni ban gaya wa kowa ba, wallahi. Na fita daga ruwan na zauna kawai. Jhuma ce ta kai wa uwarta abin da Apa ta faɗa, maganar ta isa teburin mai shayi. Chacha ya shigo idonsa jawur ya ce, "Wato ni na kashe shi? Ni da na nutsa cikin laka na lalubo shi? Haka ubana ya yi, haka kowa ke yi!" Sai ya zauna a ƙasa yana kuka, ban taɓa gani ba. Da ya tashi ya rantse ƙafata ba za ta sake taka kejin nan ba.

Saura kaɗan in iya haye tafkin. Don Allah ki kira shi. Ke zai ji maganarki.

Taki, Shefali

Hijoltola, ƙarshen damina

Ammuna,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya. Parul ta ba ni saƙonki, cewa in yi haƙuri, a hannun Chacha muke ci. Ba ki ce komai a kan maganar Ripon ba. Ni ma ba zan sake tayar miki ba.

Na bi umarni. Daga bayan gida ina jin ihun yaran da ke iyo da yamma. Jhuma ta haye tafkin, ta leƙo ta ce, "Bebiya, wurinki yana nan, har Apa tana kiran sunanki." Apa ta zo sau ɗaya, Chacha bai bari an shimfiɗa mata tabarma ba.

Na sake kasa cin abinci. Barcin ma ya tafi. In kin zo kada ki tsorata da ganina.

Chacha bai daina aiki ba tun ranar da ya yi kukan nan. Shi kaɗai ya sari gora ya kewaye tafkin bayan gida, hannunsa duk tsaga. Ya daina zuwa wurin mai shayi. Shekaranjiya ya sayo mini ayaba da alewar madara, ya ajiye a gabana, ya tsuguna ya ce, "Ci mana, ’yar nan. Me kike so in yi miki?"

Na san abin da nake so, Ammu. Na buɗe baki, amma ina ganin hannuwansa sai maganar ta ƙi fita. Ya jira, ya jira, ya tashi.

Gobe Apa za ta kwance kejin ta wuce wani ƙauye.

Ki sa ni a addu'a.
’Yarki, Shefali