Gicciyen Gavrila

Talata, 3 ga Satumba
Mun binne mijina Gavrila. A bakin kabari na ga kafaɗun maza suna rawa, wai kuka suke. Ƙarya ne, dariya suke dannewa. Mutum ya hau bishiyar tuffa don ya ɗauko kwalbar giyar da ya ɓoye mini, ina ƙasa da tsintsiya a hannu ina masa faɗa, reshe ya karye, ya faɗo ya mutu. Duk ƙauye ya sani.

Juma'a, 6 ga Satumba
Na kasa zama. Na wanke labule, na sake wankewa.

Lahadi, 8 ga Satumba
Ɗana Nelu ya kira daga Faransa. Wai mu sayi dutsen kabari kamar mutanen kirki, ba zai yarda baƙi masu yawon buɗe ido su sauko daga bas su yi wa ubansa dariya suna ɗaukar hoto ba. Na ce duk kakanninsa gicciyen katako ne a kansu. Amma maganarsa ta tsaya mini a wuya.

Litinin, 9 ga Satumba
Na je wurin Mitru masassaƙi. Shi ke yin gicciyen kowa a makabartarmu: shuɗin fenti, zanen mamaci, sai baiti kamar mamacin ne ke ba da labarin kansa. Dangi ba sa zaɓar kalma, haka muka taras. Na ce masa in na ga bishiya ko kwalba a gicciyen nan, da shi zan hura murhu.

Bai ɗago daga katakonsa ba. Ya ce, "Inna Todora, ranar da na kafa na mijin Anuta, wa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa?"

Na ce wancan mijin Anuta ne.

Ya ce to. Wannan "to" ɗin har yanzu yana ƙona mini rai.

Lahadi, 13 ga Oktoba
An kafa gicciyen. Mitru ya ji tsorona. Ga Gavrila a tsaye da lauje, hula daidai, kamar limamin coci. Baitin ya ce: "Na yi noma, na riƙe gida, na bar duniya lafiya." Na tura wa Nelu hoto, ya ce ya yi kyau.

Ya yi kyau. To me ya hana ni cin abinci?

Asabar, 19 ga Oktoba
Na je makabarta cire ciyawa. Bas ya zo. Baƙi suka taru wurin gicciyen mijin Anuta, wanda aka zana yana barci a ƙarƙashin keken doki alhali ana girbi. Suka yi ta dariya, Anuta na gefe tana ƙara musu labari, tana share ido da bakin ɗankwali. Sai ambaton sunansa ake. Nawa kuwa, wata mata ta jingina da shi tana gyara takalmi, ta wuce.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Pintea, abokin shan Gavrila, ya tsaya ya karanta a hankali. Ya cire hula ya ce, "Allah ya jiƙan wannan bawan Allah. Amma ina kuka kai Gavrila?"

Na zage shi tas. A gida na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar binnewa. Mutumin da ko a zaman makoki sai ya sa tsofaffi sun ƙware da dariya, ni na toshe masa baki. Ina kewarsa. Har ƙaryarsa nake kewa.

Laraba, 23 ga Oktoba
Na sa Pintea ya tumɓuke gicciyen, muka tura shi a baro zuwa wurin Mitru. Shuɗin ne bai yi mini ba, ya yi duhu, shi ke nan. Nelu ba sai ya sani yanzu ba.

Mitru ya ce tunda za a kankare, ko akwai abin da zan ƙara. Na ce dangi ba sa zaɓa, ko ya manta? Ya tambaya ko ya zana ni a gindin bishiyar.

Na ce ni ban ce komai ba. Amma in zai zana, tsintsiyar a hannun hagu na riƙe ta.