Finjalin da Abu Basil Ya Ajiye

Irbid, ranar Asabar

Zuwa ga uwargidana Fadwa, Ummu Basil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, kuma zafin Kuwait bai narkar mini da ke ba. Yaya jikin 'yarmu Dalal mai jego? Yaya jaririn? Ki shafa mini kansa, ki kuma gaya wa ubansa ina sane da cewa bai sa masa sunana ba.

Kin tambayi dalilin da ya sa nake rubuto takarda alhali ga waya. Dalilin shi ne a waya ba kya barina in kai aya. Da na ce "Fadwa" sai ki ce "Ka ci abinci?" A takarda kuwa dole ki jira in gama.

Na je wajen likita kamar yadda kika umarta. Ya auna jini, ya ce ƙodata lafiya lau, sukarin ne dai ya ƙi sauka. Sai ya soke ƙwayoyin nan biyu da kike jera mini a gefen faranti, babbar da ƙaramar, ya rubuta mini guda ɗaya da aka haɗe su a cikinta. Wai ɗaya tana hana hanta zuba sukari a jini, ɗayar kuma tana tsikarar jiki ya sauke wanda ya riga ya shiga. Na ce masa biyu a ɗaki ɗaya ba rigima, lallai ba a unguwarmu aka yi ta ba. Bai yi dariya ba. Likitocin yanzu ba su da lokaci.

Daga nan na biya kemis wajen Dakta Suhaila. Na tambaye ta cikin mutunci ko zan iya haɗawa da tsofaffin har su ƙare, tunda zubar da su almubazzaranci ne. Ta miƙo hannu kawai ta ce, "Kawo su nan, Baffa. Abin da ke cikinsu shi ne a cikin wannan. Ka haɗa su, sai dai mu zo mu kwashe ka a tsakar gida." Yarinyar da aka haifa a gabana ta ƙwace mini kwali biyu cur. Sannan ta yi mini karatu: a sha tare da abinci, safe da yamma, kada a sha a ƙi cin abinci, in na manta ɗaya kada in ninka ta gaba, in riƙa yawo da dabino a aljihu, da zarar na ji hannuna na rawa ko gumi ya keto mini in jefa a baki. Na ce mata shekara talatin ina koyarwa, na san yadda ake bin doka. Ta ce ta ji labari.

Yanzu ga babban labarin. Gidan su Lamis sun sa rana, Juma'a mai zuwa bayan la'asar za mu je neman aurenta ga Zuhair. Dangi sun ce ni zan ja tawaga, ni zan yi magana, ni za a miƙa wa finjalin gahawar da ba a sha sai an ce an ba mu yarinya. Wa ya fi ni cancanta? Tun ranar da muka binne mahaifinsa, ƙanena Marwan, yaron nan yake cin tuwon hannunki, yana kwana ɗaki ɗaya da ɗanmu Basil.

Sai dai gabana yana faɗuwa, Fadwa. Kin san yawanci kafin maza su taru an riga an gama magana a tsakanin mata, zuwan namu ado ne kawai. Wannan karon ba haka ba ne. Mahaifin Lamis, Abu Faris, bai ce e ba, bai ce a'a ba. An ce yana ta nanata cewa yaron ba shi da uba, kuma gyaran wutar mota ba aikin gwamnati ba ne. Ya ce zai ga mutanen yaron tukuna. Zuhair kuwa ya rame, yana ta ɗaura batir a juye. In na ajiye finjalin nan aka bar shi ya huce ba a ce mu sha ba, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ki gaida kowa. Tukunyar na'a-na'arki tana raye, ba don ƙoƙarina ba.

Mijinki,
Nayif

Irbid, ranar Alhamis

Ummu Basil, hasken gidana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mai jego da baƙonmu marar suna mai daɗi. Ni lafiyata ƙalau. Maganin ya ɗan murɗa mini ciki a kwanakin farko, amma da na bi shi da abinci sosai ya lafa. Ina soka yatsa kowace safiya, na'urar tana nuna lamba mai kyau, har na fara gaishe ta.

Na karɓo alkyabbata daga wajen mai guga. Na ɗinka sabuwar jallabiya fara, ta zauna mini ɗas, sai dai in na sa dabino a aljihu wajen yana kumbura kamar na saci ƙwai. Don haka gobe dabino zai zauna a gida. Mutum ba ya zuwa neman aure da aljihu a kumbure.

Jawabina na haddace shi. Na karanta wa maƙwabcinmu Abu Jamil sau biyu, ya ce ko shi aka nema da wannan jawabin zai yarda. Abin tsoro ɗaya ne: wanda zai amsa mana daga ɓangarensu shi ne kawun Abu Faris, Hajji Miflih, wanda ya taɓa yin ta'aziyya har masu makoki suka fara ba shi haƙuri.

Akwai maganar kunafa, kayan zaƙin nan. Kin san da an ce mu sha gahawa aka karanta Fatiha, manyan tire za su shigo da zafinsu, cuku yana miƙewa, ruwan sukari yana ɗiga. Shugaban tawaga ba ya cewa ba ya ci, cin fuska ne. Na kai damuwata wajen Abu Jamil, tunda surukarsa ta yi ciwon sukari, ya san harkar. Ya ce, "Kai malam, lissafi ne fa. Ƙwayar safe ta abincin gida ce. Kunafa baƙuwa ce, tana bukatar tata ƙwayar." Na ƙara da nawa tunanin: in na sha shayi kawai da safe, na tsallake abincin rana, to na tara wa kunafa wuri, sukarin da ban ci ba da wanda zan ci sai su yi canjaras. Ƙwaya ɗaya da safe, ƙari ɗaya kafin mu fita.

Ban gaya wa Dakta Suhaila ba, don ba ta da sha'awar lissafi. Ke ma na san abin da za ki ce, shi ya sa na ji daɗi da takardar nan ba za ta isa gare ki ba sai an gama.

Ki yi mana addu'a. Yaron nan yana son yarinyar nan so na gaske, ni kuma ina son in ga ya yi dariya irin ta Marwan.

Naki har kullum,
Nayif

Irbid, ranar Litinin

Fadwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Dalal da jariri. Kafin ki tambaya: na ci abinci. Na san Basil ya riga ya buga miki waya, kuma na san ya ƙara gishiri. Ban suma ba. Zamewa na yi kaɗan daga kan kujera. Bari ki ji daga bakin mai abin.

Mun isa da motoci a jere, zauren baƙinsu cike da maza har bakin ƙofa. Aka zaunar da ni a tsakiya, Abu Jamil a damana, Zuhair can gefe kansa a sunkuye yadda ya kamata. Aka zuba gahawa aka miƙo mini. Na karɓa, na ajiye finjalin a kan tebur ban sha ba. Na miƙe na yi jawabina, kuma wallahi ya yi kyau. Na ce ba za mu sha gahawarku ba sai kun biya mana bukatar da ta kawo mu. Na zauna.

Sai Hajji Miflih ya gyara murya. Ya fara daga kakan kakansu da ya haƙa rijiyar garin.

Yana cikin haƙa rijiyar na ji yatsuna sun fara rawa. Na cusa su cikin alkyabba. Yana labarin shekarar da fara ta cinye gonaki, gumi ya keto mini, mai sanyi, har jallabiyar ta manne a bayana. Abu Jamil ya raɗa mini, "Ka ga dattijo ya iya magana, har ya taɓa maka zuciya." Wata irin yunwa ta taso mini wadda ban taɓa ji ba ko a azumin bazara. Ga ƙamshin kunafa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na laluba aljihu, na tuna dabino yana gida yana hutawa. Na san abin da ke faruwa, Fadwa, Suhaila ta faɗa mini shi ɗaya bayan ɗaya. Amma in buɗe baki in nemi abin sha a gidan da ban sha gahawarsu ba, ai na zubar da maganar da hannuna. Na ce zan daure.

Da na ɗaga kai sai na ga Hajji Miflih ya zama biyu, alhali ɗaya ma ya ishi gari. Daga nan abin da na riƙe kaɗan ne, sauran Abu Jamil ne ya cike mini. Wai na ɗaga murya na ce, "Hajji, rijiyar nan ta ƙafe tun kafin a haife ni, ka bar ta ta huta!" Ni, Nayif, da ko ɗalibi ban taɓa katsewa ba. Likita ya ce faɗuwar sukari tana sa mutum faɗa da surutai. Abu Jamil ya ce duk zauren sun so su faɗi hakan, sukarinsu ne bai faɗi ba.

Ana cikin kallon-kallo, Zuhair ya miƙe. Mai neman aure, wanda aikinsa a ranar shi ne ya kalli takalminsa, ya ratsa ta gaban Hajji Miflih, ya tura ƙofar da aka jera kayan biki a bayanta, ya fito da kofin lemo mai zaƙi. Ya durƙusa ya tallafo kaina. Wannan na tuna: na datse haƙora ina cewa ba a ba mu ba tukuna, ba a ba mu ba. Ya yi mini wata magana, na buɗe baki na sha. Ya ƙara mini wani. A hankali Hajji Miflih ya koma ɗaya.

Da hankalina ya dawo na ga finjalin yana nan inda na ajiye shi, ga kofin lemo biyu babu komai a gabana. Na ce shi ke nan, na kashe wa yaron nan aure saboda kunafar da ban ma ci ba.

Abu Faris ya taso da kansa ya ɗauki finjalin. Ya ce, "Wannan ta huce, a zubo sabuwa." Sannan ya dubi Zuhair, wanda har lokacin yana riƙe da kafaɗata, ya ce, "Ni abin da nake ta tambayar kaina shi ne wa zai riƙe mini 'yata ranar da ta faɗi. Na gani. Ku sha gahawarku." Hajji Miflih ya ce ai bai kai zamanin Turkawa ba. Babu wanda ya saurare shi, aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha.

Kunafa ta shigo, ni kuma aka fita da ni. Zuhair ya ƙi jin roƙona, ya kai ni asibiti, suka riƙe ni har washegari, wai irin wannan maganin yana daɗewa a jiki, sukarin zai iya sake faɗuwa bayan lemon ya wuce. Likita ya ce ƙarin ƙwaya ba tikitin cin zaƙi ba ne, kuma wanda ya sha ta da cikin wofi ya tura sukarinsa rami da kansa. In akwai biki, in ci abincina daidai, in sha ƙwayata ɗaya, in ɗanɗani ɗan yanki in tsame hannu. Dakta Suhaila ta yi mini wankin babban bargo a gaban masu sayen maganin tari. Abu Jamil ya cinye rabona don kada a ce tawagarmu ta raina abincin mutane. Hajji Miflih kuwa ya zo duba ni, ya ja kujera, ya ƙarasa jawabin tun daga Turkawa har zuwa yau, ni ina kwance da ƙarin ruwa a hannu ba halin gudu.

Yanzu dabino yana aljihuna, ya kumbura yadda ya ga dama. An sa ɗaurin aure bayan kin dawo.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya na tambayi Abu Jamil me yaron ya faɗa mini har na buɗe baki. Ya dube ni ya ce, "Au, ba ka ji ba? Ai kowa ya ji. Cewa ya yi, 'Baba, buɗe bakinka. Na binne uba ɗaya, ba zan binne na biyu saboda finjalin gahawa ba.'"

Fadwa, duk shekarun nan Baffa yake ce mini, ban kuma taɓa neman fiye da haka ba. Ya faɗa sau ɗaya, a gaban maza cike da zaure, kowa ya ji ban da ni. Yau da safe ya kawo mini burodi da ƙwai, ya tsaya a kaina har na haɗiye ƙwayar, ya ce, "Baffa, ka cinye ƙwan." Na cinye. Na so in tambaye shi zancen "Baba" ɗin nan, sai na ɓige da tambayarsa ko ya sha shayi.

Ki dawo da wuri. Ke kin iya tambaya.

Mijinki mai kewarki,
Nayif