Yaya, Na Ga Hanyar Hagu

Zuwa ga Yayana, marigayi Sabo Bakanike na Fagge.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fata Allah Ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Habibu ne. Iyalinka suna lafiya, gareji kuma yana nan a buɗe. Na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba, waɗanda za su karanta ta ma yawancinsu ba su taɓa ganinka ba. Duk da haka da kai nake. Maganar tafiyar nan ta dajin kudu nake so mu yi, wadda muka yi shekaru muna kewaye ta.

Damina ce ta farko bayan soja sun miƙa mulki. Hotunan 'yan takara suna nan a bangwayen unguwar Kwaciri, ruwa ya fara ɓamɓare su. Kowa da abin da yake tsammani daga farar hula. Mu namu ƙarami ne: an kwashe shingayen hanya. A da in babura uku suka jeru, sai an tsayar da ku an sa ku tsallen kwaɗo a gefen titi. Da aka buɗe hanya, kai ka ce lokaci ya yi da za mu fita mu ga duwatsun kudu, waɗanda muka daɗe muna jin labarinsu.

Mu bakwai ne. Kai ne a gaba, kamar kullum. Dokarka biyu ce, kowa ya haddace: ba a wuce na gaba, ba a barin na baya. Ni nake bin ka. Wanda yake rufe layi kuwa Ifeanyi ne.

Bari in faɗi ko wane ne shi, saboda masu karatu. Iyayensa daga gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka haife shi, a nan ya yi wayo. Yana da shagon kayan gyaran babur kusa da kasuwa. Hausarsa ta Kano ce tsantsa, in yana ciniki ta bayan labule ba za ka ce ba ɗan Fagge ba ne. Yadda nake ce maka Yaya, haka shi ma yake ce maka.

Tun kafin tafiyar akwai abubuwan da na gani. Za ka ajiye sifana a gefenka na hagu, ka juyo kana lalubenta alhali tana nan inda ka ajiye. Sau biyu kana tuntuɓe da bokitin baƙin mai. Wani ya miƙo maka hannu ta gefe ba ka karɓa ba, ya tafi yana cewa Sabo ya fara girman kai. Wata rana na haɗu da Ifeanyi a kasuwar Singa, ya ja ni gefe ya ce, "Habibu, ka lura da idon Yaya kuwa?" Na ce gajiya ce, aiki ya yi maka yawa. Ya ce, "To, Allah Ya sa."

Bayan sallar asuba muka tashi daga bakin gareji. Muka ɗauki titin Zariya, muka karkata kudu, wajen hantsi muka bar kwalta. Daga nan burtali ne, hanyar shanu, wani wuri tsakuwa mai zamewa, wani wuri taɓo mai riƙe taya har sai an sauka an ɗaga. Akwai hawan da sai ka miƙe tsaye a kan babur, ka sa giya ta ɗaya, ka bar shi ya ja da kansa. Biyu daga cikinmu sun faɗi a nan, aka yi dariya, aka tashe su.

Kai ko ƙafa ba ka sa ƙasa ba. Duk abin da yake gabanka sosai, babu wanda ya kai ka iya karanta shi. Ina bayanka ina bin sawun tayarka, ina ce wa kaina ashe banza na damu.

Sai wani reshe da ya leƙo ta hagu ya doke ka a kafaɗa. Reshe ne babba, tun daga nesa na hango shi. Ba ka sunkuya ba, ba ka kauce ba. Can gaba kaɗan wata saniya ta fito ta dama, sai da ta kusa cika hanya sannan ka taka birki. Ka ɗaga hannu kamar wasa ne. Na gani, amma na ci gaba da bi.

Da azahar muka tsaya a wani ƙauye mai gidaje kaɗan, muka yi sallah, Ifeanyi yana zaune yana ɗaure wa wani sarƙar babur. Wani dattijo ya kawo mana ruwa a ƙwarya. Da ya ji inda muka nufa, sai ya juya ya kalli duwatsu. Sama a kanmu fes take, amma can kansu ta yi baƙi ƙirin. Ya ce, "In kun kai mararraba za ku ga kuka a hagu, an tara duwatsu a gindinta. Ku bi nan, hanyar tudu ce. Kada ku miƙe, rafi za ta kai ku. Yau ba ranar shiga rafi ba ce." Dukanmu mun ji. Kai ma ka gyaɗa kai, ka ce mun gode, Baba.

Yaya, ga wurin da nake so ka saurare ni.

Mun kai mararrabar. Na ga kukar. Na ga tarin duwatsun, na ga hanyar hagu tana hawa tudu a fili. Kai ba ka juya kai ba. Ka miƙe, ka fara gangara. Babban yatsana yana kan hon. Na ji shi a kai, har yanzu ina jin taurin robar. Ban danna ba.

Na bayana sun ɗauka ka san wata gajeriyar hanya ce, tunda kai ne. Na duba madubi, na hango Ifeanyi can ƙarshen layi yana kunna fitila yana kashewa. Na ɗauke idona daga madubin.

Rafin a bushe yake, yashi fari, gaɓarsa biyu sun fi tsayin mutum. Da farko har daɗin tafiya ya yi. Sannan iska ta sauya, ta zo da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Tsuntsayen da muke ji tun safe suka yi shiru. Wani siririn ruwa ya biyo tsakiyar yashin, ɗauke da busasshen ganye da kumfa, ya wuce ta ƙarƙashin tayata. Daga can sama kuma wata ƙara take zuwa, kamar ta tirela mai nisa, ba ta raguwa.

A nan Ifeanyi ya karya doka. Ya murɗa totur ya wuce mu ɗaya bayan ɗaya, ya sha gabanmu, ya ɗaga gilashin hular kwanonsa. Bai ɗaga murya fiye da kima ba. Ya ce, "Ruwa na zuwa. Ga mahayar shanu nan a dama. Kowa ya hau."

Muka hau, wasu a kan babur, wasu suna turawa. Shi ma ya hau. Sai da na kai sama na waiwaya. Kana ƙasa kai kaɗai, ka tsaya, inji na aiki, kana juya kanka gaba ɗaya daga nan zuwa can. Mahayar tana damanka, taku kaɗan. Idonka yana wucewa ta kanta ba ya kama ta. Mu shida muna tsaye muna kallonka. A lokacin kowa ya gane abin da ni na daɗe da sani.

Ban motsa ba, Yaya. Ifeanyi ne ya juya babur ya koma.

Ya tsaya daidai gabanka, ya taka birki don jar fitilar bayansa ta kama. Na ji ya ce, "Yaya, kalli wutar nan kawai. Biyo ni." Ka bi shi. Da kuka iso bakin mahayar, sai ya kauce gefe ya bar maka wurin da ƙasa take da ƙarfi. Ka murɗa, ka hau, muka cafke ka. Shi kuwa gefen da ya kauce yashi ne mai laushi, tayar baya ta nutse har rabi.

Muka ce ya bar babur. Ya bari, bai yi gardama ba. Ya sauka, ruwa ya riga ya kai gwiwarsa, ja, mai kauri. Ya yi taku biyu. Na kwanta a gaɓa na miƙa hannu. Wani kututture ya zo da ƙarfin ruwan, ya ɗauke ƙafafunsa.

Kana bayana kana tambaya, "Ya hau? Habibu, Ifeanyi ya hau?" Mu kuwa ruwan muke bi da ido.

Mun bi gaɓa muna kiransa har rana ta faɗi. Washegari da safe wani makiyayi ya zo ƙauyen ya ce ya ga mutum a maƙale cikin saiwoyi, can ƙasa. A bayan a-kori-kura muka dawo da shi Kano, kana zaune kusa da kansa tun daga daji har Sabon Gari.

Kafin mu isa labari ya riga mu, kuma ya sauya kama. Ana cewa Hausawa sun fita da ɗan Sabon Gari sun dawo da gawarsa. Ka tuna yadda gari yake a lokacin, kowa a ɗarare, ƙaramar magana tana iya zama wuta. Mun tarar da shaguna an ja ƙofofi rabi, matasa sun yi cirko-cirko a bakin layi. Suka buɗa mana hanya, suka rufe ta a bayanmu.

Mahaifiyar Ifeanyi ta fito. Ta yaye mayafin da muka rufe shi da shi, ta shafa fuskarsa, ta cire wani ɗan yashi daga gashin girarsa. Sannan ta ɗago ta ce, "Wa yake gaba?" Ka ce, "Ni ne, Mama." Ta ce, "Ai shi ya sa na bar shi ya tafi." Ta juya wajen matasan nan, ta yi musu magana da yarensu, sannan ta maimaita da Hausa don mu ji: "Ruwa ne ya ci ɗana. Kowa ya koma shagonsa." Suka watse a hankali. Ban san abin da zai faru a unguwar nan ba da ba ta faɗi haka ba.

Daga baya likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinka ta gefe-gefe, ya bar maka tsakiya kawai, kamar mai leƙe ta bututu. Ba ka sake hawa babur ba. Ka koma benci a bakin gareji, kana gane ciwon inji da kunne. Babur zai shigo layi, tun bai tsaya ba ka ce fulogi ne, a duba a ga haka ne. A gari an san cewa Sabo ne ya ɓatar da hanya. Ka ɗauki wannan, ba ka taɓa raba shi da kowa ba. Ni kuma na bar ka da shi.

Ana saura 'yan kwanaki ka rasu, ina gyara maka matashi, ka riƙe hannuna ka ce, "Habibu, ranar nan ka ga kukar, ko?" Na ce na gani. Ka ce, "Me ya hana ka magana?" Babu faɗa a muryarka, so kake ka sani kawai. Na ce bari in kawo maka ruwa. Da na dawo ka yi barci, ko ka yi kamar ka yi.

Ga amsar. Kunya na ji maka. Na ga in na danna hon, mutum biyar za su san Sabo bai ga hanya ba, Sabon da ya koya mana hawa duka. Na zaɓi in rufa maka asiri na minti ɗaya, na ce wataƙila rafin ba komai, wataƙila dattijon tsoro ne da shi. Na ɗauka biyayya nake yi maka. Ifeanyi ya fi ni son ka, don shi ya yarda ya wuce ka.

Mama, mahaifiyar Ifeanyi, tana nan da rai, Yaya. Ta tsufa, ba ta koma gabas ba, ta ce inda ɗanta ya yi wasa nan za ta zauna. Duk sallah tana aiko wa 'ya'yanka da abin da ta samu, in na je gaishe ta kuma sai ta ce, "Habibu, ɗan kirki." Ranar Lahadi in ta dawo daga coci zan je in zauna a gabanta. Ta tambayi wanda yake gaba, an ba ta amsa. Ba ta tambayi na biyu ba. Zan faɗa mata, kuma duk abin da ta ce zan tsaya in ji shi har ƙarshe.

Ka yafe mini, Yayana. Na bar ka kai kaɗai a ƙasan rafi, na sake barin ka kai kaɗai a kan benci.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya mayar maka da ganinka cikakke a gidan da babu ciwo. Ifeanyi kuwa na bar lamarinsa ga Ubangijin da Ya ga abin da ya yi a ranar. Allah Ya ba Mama haƙurin jin abin da zan kai mata, ni kuma Ya ba ni ƙarfin buɗe baki.

Wassalam.

Ƙaninka,
Habibu, Fagge.