Gurbin da Baba Ya Bar Maka a Waƙarsa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya sassauta maka aikin nan da ya hana ka zuwa. Mu nan alhamdu lillahi. Mama tana nan ƙalau, sai ƙafar nan tata da ba ta rabo da ciwo, ga kuma faɗa, wanda da shi muke gane cewa lafiyarta lau. Yaya Uwar Biyu ta dawo gidan da tagwayenta don ta taya mu jinya, gidan ya koma kamar filin makaranta lokacin tara. Baba kuwa an yi masa aikin maƙogwaron, an sallamo shi, wurin yana warkewa. Sai dai muryar ta tafi, kamar yadda likita ya gaya mana tun farko. Na san abin da ke ranka shi ne ko na samu ɗaukar waƙarsa kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Ka yi haƙuri ka karanta, ka san ni ban iya gajeren labari ba.

Da farko dai na gode, Yaya, na gode, Allah ya saka maka da alheri. Ranar da kwamfutar ta iso da makirufo da abin sawa a kunne, na zauna a tsakar ɗaki na yi ta kuka kamar wadda aka yi wa duka. Amma wallahi da na buɗe manhajar haɗa kiɗan da ka saka mini, kukan ya tsaya cak, haushinka ya kama ni. Kai, Yaya! Ni da iyakata duba takardun yara da jan biro, ka turo mini abu mai maɓallai kamar gaban direban jirgi? Layuka a jere, launi kala-kala, ko ina na taɓa sai wani abu ya buɗe. Kullum na taso daga makaranta sai in hau kallon bidiyon masu koyarwa, samari masu magana da sauri kamar ana korarsu. A hankali na gane cewa kowane layi sauti ɗaya yake ɗauka, jan maɓallin nan shi ne na ɗauka, zanen da ke fitowa kamar haƙoran zarto kuma ita ce muryar. Gwajina na farko na rera waƙa tun daga farko har ƙarshe, ina ta yanga, ashe ban ma jona makirufon ba. Uwar Biyu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Masu bidiyon nan duk bakinsu ɗaya: a samu wuri shiru, a kunna abin nan mai ƙyas-ƙyas da ke ƙirga bugu, mai waƙa ya bi shi. Ni kuma ɗalibar kirki, na kwashe kayan Mama daga babban kabad, na rataye barguna ta ko ina, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na kori tagwaye zuwa maƙwabta. Na ɗauko Baba na zaunar da shi a kujera, fuskarsa cikin kabad, na ɗora masa abin kunne. Yaya, da ka gan shi da ka tausaya masa. Mutumin da muka tashi muna jin waƙar nan a bakinsa, wadda ya yi wa kowannenmu baiti a cikinta, sai ga shi ya kasa wuce layin farko. Ya fara ya tsaya, ya sake farawa ya manta kalmomin. Ya ce ƙyas-ƙyas ɗin nan kamar ana ƙirga masa sauran kwanansa ne. Na kashe shi, duk da haka abin ya ƙi. Muka sake gwadawa washegari, da wata ranar, muryar kuma kullum ƙara dushewa take. Daga ƙarshe ya cire abin kunnen ya ajiye a hankali, ya ce in bar shi haka, waƙar ta riga muryar tafiya. Ban taɓa ganin Baba ya ji kunya a gabana ba sai ranar, kuma ni na jawo.

Ranar aikin tana ta matsowa, ni kuma na daina yi masa maganar. Na rufe kwamfutar na tura ta ƙarƙashin gado, ina jin kamar na ci amanarka. Ana nan, ya dage sai ya je shago ya ƙarasa ɗinkin mutane kafin ya kwanta asibiti, ka san halinsa. Ya manta maganinsa a gida, Mama ta aike ni da shi. Tun kafin in sha kwanar mai walda na jiyo keken ɗinkin nan nasa yana taka-taka-taka, a cikin ƙarar kuma ga muryar Baba, a dushe amma tiryan-tiryan, baiti na bin baiti, babu ko gargada. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Ƙafarsa na kan feda, hannunsa na tura yadi, tef a wuya, alli a bayan kunne. Ashe Baba bai taɓa yin waƙar nan a zaune hannu rabbana ba, keken ne makaɗinsa. Na ajiye maganin a kan tebur, na kwasa da gudu har takalmina ɗaya ya tsinke, na dawo da kwamfutar a cikin jakar cefane. Na rataye makirufon a ƙusar da yake rataye almakashi, na ce masa gwaji kawai nake yi, ya ci gaba da aikinsa. Ya harare ni, ya ce ni dai ba na jin magana tun ina cin maɓallan riguna, sannan ya taka keke.

An ɗauka, Yaya, tun daga farko har ƙarshe. Amma saura kaɗan in ɓata komai da hannuna. Da na saurara a gida sai na ji ƙarar keke, ga mai walda, ga wata mata tana tambayar ko an gama siket ɗinta. Na ce wannan ƙazanta ba za ta je kunnen Yaya ba. Na nemo wurin share hayaniya na murɗa shi har ƙarshe, na ja muryar na daidaita ta da bugun manhajar, na zuba ganguna da fiyano, ina jin kaina wata gwana. Na kira Mama na kunna mata. Ta saurara, sannan ta tambaye ni wane ne wannan mai waƙa a cikin bokiti, don dai ba mijinta ba ne. Kuma gaskiyarta. Lokacin an riga an kwantar da Baba, babu damar sake ɗauka har abada. Na danna komawa baya har yatsana ya gaji, abin ya ƙi komawa inda aka fara. Sai na tuna nacin da ka yi ta yi mini a waya, cewa kafin in taɓa komai in ajiye kwafin asali a wani wuri daban. Na yi hakan ne kawai don kada ka dame ni da mita. Na buɗe shi, sai ga Baba, ga kekensa, ga mai siket, kowa na nan. Wannan mitar taka, Yaya, ta fi mini kwamfutar daraja, Allah ya biya ka.

Daga nan na yi hankali. Na zubar da ganguna da fiyano, na bar keken ya zama shi ne kiɗan. Abin da na yi kawai shi ne ɗaga muryar kaɗan don ta fito sama da ƙarar ƙarfe. Na buɗe sabon layi Uwar Biyu ta yi amshi, na buɗe wani ni ma na yi, har Mama ta yarda ta sa baki bayan ta gama cewa ita ba mawaƙiya ba ce. Abu ɗaya ya rage yana damuna. A cikin baitinka, wanda yake tsokanarka da satar alli, akwai inda Baba ke kiran ɗan farinsa, sai ya yi shiru, keken kaɗai ke tafiya, sannan ya ci gaba. Haka ya yi ta yi har baitin ya ƙare. Na ɗauka numfashi ne ya gaza masa, na yi niyyar yanke wuraren in haɗe.

Bayan an sallamo shi na kai masa kwamfutar bakin gado na kunna. Ya rufe ido, ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin bargo kamar tana kan feda. Da aka zo baitinka na nuna masa gibin a fuskar kwamfutar, na ce zan gyara. Sai ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam, ya girgiza kai, ya nuna hotonka da ke bango. Mama ce ta fassara mini, tana share ido da bakin mayafi. Ta ce lokacin da kake kai kaɗai, kafin a haife mu, a ƙarƙashin teburin keken kake wuni, in ya kira ka a cikin waƙar sai ka amsa masa da na'am Baba. Tun da ka girma ka bar shagon bai taɓa cike wurin ba, ni kuma duk tsawon rayuwata ina jin waƙar nan ban taɓa lura da shirun ba.

Don haka ban yanke komai ba. Na buɗe layi guda na rubuta Yaya a kansa, babu komai a ciki, na kuma tura maka waƙar ta waya. Kada ka nemi wuri shiru, kada ka shiga kabad, kada ka ce muryarka ba daɗi, mun sani. Ka sa abin kunne, in ya kira ka ka amsa, ka turo mini, ni zan jera su a gurbinsu, yanzu na iya. Ka hanzarta don Allah. Kullum da yamma sai ya sa na kunna masa, kuma duk inda aka zo shirun nan sai ya buɗe ido ya dubi ƙofa.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce na gode da jakar da ta naɗo kwamfutar a ciki. Ka shafa mini kan yaranka, Ƙaramin Tela da 'Yar Baba. Mama da Uwar Biyu suna gaishe ku, tagwaye sun ce a gaida Kawu. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ɗora hannu a bayan kunnensa, alamar yana saurare.

Taka ƙanwa,
Auta