Yaya, Duna Ya Fara Jin Kira

Zuwa ga Yayana Garba, wanda aka tafi da shi aikin diga, na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wajen Ringim da ranin bara, bai dawo ba.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin na ƙani ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙaninka Ilu ne, Ilun nan dai da zomayen Dutse ke jin sunansa su yi wa 'ya'yansu wasiyya. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ni da allo mun rabu tun ban haɗa izu ɗaya ba. Malam Liman ne ya ba ni takarda da tawada, ya leƙa layin farko ya ce wannan ko aljani sai ya nemi mai karanta masa. Na ce mai wanda zan aika wa ya saba da shirmena.

Maganar karenka ce ta zaunar da ni.

Yaya, Duna ya girma. Ka bar shi ɗan kwikwiyo, wata uku, yana tuntuɓe da kunnensa. Yanzu ƙafafu ne zaƙo-zaƙo, ƙirji ya buɗe, kansa kuwa fanko. In mun fita bayan gari, da ya ji iska ta taɓa hancinsa shi ke nan. Zomo ya bi, fara ya bi, jakin mutane ya bi, ranar nan har inuwar shirwa ya bi sai da ya faɗa rami. In na ƙwala mai kira sai ya tsaya, ya waiwayo, ya kalle ni tun daga hula har takalmi, ya ci gaba da abinsa. Wallahi ko surukata ba ta yi min irin kallon nan.

Ni kuwa na riga na cika baki a dandali. Na ce kwana uku ya yi min yawa in horar da shi, ni da na taɓa sa kura ta ba ni hanya. To, ba kura ba ce, tunkiyar Baba Ɗanjuma ce, amma daga nesa kowa zai iya rantsewa.

Da farko ihu na riƙa yi, Duna, Duna, Duna, har muryata ta dishe, matan unguwa suka fara aiko min da jiƙo. Da ihu ya ƙi sai na koma tsumagiya. Duk sanda ya gama yawonsa ya dawo, in kama shi in zane. Ka ga wayo irin nawa. Cikin kwana biyar na koya mai abu ɗaya tak, cewa zuwa wurin Ilu duka ne. Sai ya zama in ya gan ni ya tsaya can nesa, jela a matse, yana lissafin tsawon hannuna.

Na gwada fitonka ma. Amma kai da wushirya kake yi, ni haƙorana a jere suke kamar katangar gidan hakimi. In na hura, yawu ne kawai ke fita. Har wurin wanzami na je na ce ya buɗe min 'yar ƙofa a tsakiya. Ya ce in tashi in ba mutane wuri.

Ana cikin haka ya shiga maruƙan Ardo a rugar da ke hanyar Yalwawa. Ba cizo ya yi ba, wasa yake, amma ya tarwatsa su, ɗaya ya faɗa kwazazzabo ya gurɗe ƙafa. Ardo ya zo gaban mai unguwa da kansa. Bai ɗaga murya ba, ya ce darajarka ce ta sa ya zo da baki bai zo da sanda ba. Amma in an gama girbi shanu sun shigo gonaki cin kara, karen nan ya sake shiga cikinsu, makiyayansa za su gama da shi, shi kuma ba zai hana ba. Mai unguwa ya ce gaskiya ne. Ni ma na ce gaskiya ne, da yake ba ni da wata.

Ka san Inna da kare. Da, in Duna ya shinshina shantalinta sai ta wanke shi sau bakwai tana yi maka faɗa. Yanzu ita ke ajiye mai ƙanzo a sakaina. Ranar da na kai mata maganar Ardo, sai ta ɗauki sakainar ta kai mai. Ta zauna a bakin zaure tana kallonsa yana ci. Can ta ce, ba da ni take ba, daga ita sai shi suka rage masu duban hanyar Ringim in la'asar ta yi.

Ranar ban je dandali ba.

Na zauna na riƙa tuno yadda kake yi da uwarsa, da karnukan da ka riƙe kafin ita. Na tuna aljihun taguwarka da kullum yake warin gasasshiyar fara, muna yi maka dariya. Na tuna yadda kake kiran kare, ya zo, ka ba shi, ka shafa wuyansa, ka sake shi ya koma wasansa. Na taɓa tambayarka amfanin kiran in sakinsa za ka yi, ka ce don ya san kira ba ɗauri ba ne. Na tuna kana cewa sau ɗaya ake kiran kare, in ka yi biyu ka koya mai jiran na uku. Da kuma wadda ka fi maimaitawa, cewa in ya dawo, ko ya makara, ba a dukansa.

Sai na jefa tsumagiyar a murhu. Na tufka igiyar rama gaba ashirin. Na cika aljihu da fara da hanjin zabo, har Hanne matata ta ce in dai da taguwar nan ne in kwana a turken jaki. Na daina fiton aro, na sa yatsa biyu a baki na yi nawa.

A tsakar gida muka fara, inda ba abin da zai ɗauke mai hankali. Kwana huɗu yana zuwa rabin hanya ya tsaya, yana duban hannuna. Ni na jawo wa kaina, sai na riƙa tsugunawa ina ajiye hannun a ƙasa, a buɗe. Daga nan muka koma bayan gida, daga nan gindin dabinai, igiya tana jan ƙasa a bayansa. In na ga hankalinsa ya yi nisa ba na ɓata fitona, sai in taka igiyar in jira. 'Yan dandali suka sa min suna Sarkin Fulanin Karnuka. Na ce musu sarauta dai sarauta ce, su zo su yi gaisuwa.

Shekaranjiya shanun Ardo suka shigo gonarmu. Na so in ɗaure shi a gida, amma ka san shi, ya cinye igiya biyu, wata rana zai kuɓuce ba na kusa. Gara a yi ta a gabana. Na kai shi bakin gona da hantsi, na kwance igiyar.

Ya ɗan yi shinshine-shinshine. Sai wani maraƙi ya yi tsalle, Duna ya miƙe kamar kibiya. Na ga makiyaya biyu sun gyara riƙon sanda. Na sa yatsa a baki na yi fito, ɗaya.

Bai tsaya ba.

Yaya, bakina ya cika da sunansa. Na cije. Na tsuguna na buɗe hannu a ƙasa. Ya yi gaba kamar taki goma, sai na ga kunne ɗaya ya juyo. Ya rage gudu. Ya tsaya tsakanina da shanun, ya dubi maraƙin, ya dube ni. Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba. Sannan ya juyo, ba da gudu ba, a hankali, kai a ƙasa, irin na wanda ya san ya makara. Ya zo ya sa hancinsa a tafin hannuna.

Na juye mai aljihun gaba ɗaya. Ardo, da ke tsaye gefe yana kallo, ya gyaɗa kai ya wuce. Da ya waiwayo ya ga fuskata, na ce mai ƙaiƙayi ne ya shiga min ido.

Ba ƙaiƙayi ba ne, kai ma ka sani.

Duk garin nan an san ranar da aka zo ɗiban mutanen diga, mutum ɗaya kowane gida, ni ina kasuwar Shuwarin. Ni na baza labarin, har da ƙarin yadda na yi ciniki da wani Bakano na bar shi yana kuka. Inna ma haka ta sani. To, yau na rubuta, duk wanda ya iya karanta wannan tsiyar rubutun ya karanta. Ban je Shuwarin ba. Sunana aka rubuta, ba naka ba. Da na hango dogarai sai na haye dutsen bayan gidanmu na shige tsaguwar nan da muke ɓuya muna yara.

Ka fito gindin dutsen ka kira ni. Kai da kake cewa sau ɗaya ake kira, ni sau bakwai ka kira ni. Na ƙirga. Ina jin ka sarai, na toshe bakina da hula.

Sai ga Duna, ɗan mitsitsi, ya hawo yana zamewa, ya tsaya daidai bakin tsaguwar yana kaɗa jela, ya same ni yana murna. Ka ɗago kai ka dube shi. Ka daɗe kana duban wurin. Sannan ka yi fitonka, ɗaya, ya gangara wurinka. Na ji ka ce wa dogarai ƙaninka ba ya nan, kai za ka je. Ka ɗauki karen ka miƙa wa Inna, ka ce a ba Ilu ya riƙe maka.

Da damina wani mutumin Jahun da kuka yi aiki tare ya kawo hularka. Ya ce zazzaɓi ne, kwana shida, kuma sun yi maka sutura yadda ya kamata. Na tambaye shi ko ka bar wani saƙo. Ya ce ka ce a gaishe da Inna, kuma a gaya wa Ilu kar ya daki karen.

Na dake shi, Yaya. Na dake shi don bai zo ba da aka kira shi. Ni.

Gobe in Allah ya kai mu zan karanta wa Inna takardar nan, tun da ba mai iya karanta ta sai ni. Abin da za ta yi min ban sani ba. Bayan nan zan hau dutsen da Duna, in tsaya a bakin tsaguwar, in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranin bara. Amma ga shi nan na fara rubuta maka, shi kam na iya rubuta shi daidai.

Na'am, Yaya. Na'am.

Kai ka ce in ya dawo, ko ya makara, ba a dukansa.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka a ƙasar da ba mu san kabarinka ba. Allah ya ba Inna haƙuri. Allah ya sa ranar da za a kira mu gaba ɗaya in amsa tun a na farko, in same ka. Amin.

Ƙaninka,
Ilu, mai riƙon Duna, daga gindin dutse.