Ɓangaren Zakiyyu

Zuwa ga ƙanena Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta riske ka cikin lafiya, kai da iyali, a can Fatakwal. Mu nan Daura muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Barakatu ta fara cin abinci, sai dai har yau ba ta iya wucewa ta ƙofar ɗakin ɗanta ba tare da ta kau da kai ba. Ƙafar Yaya Larai ta yi sauƙi. Gero ya yi kyau a gonar Dutsi, amma ban samu zuciyar zuwa dubawa ba, tunda a kan hanyar nan mota ta buge ɗanmu Zakiyyu.

Maganar kwamfutar shago ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba ma gama zance. Ka san yadda Zakiyyu ya raba ta biyu tun da ka koya masa: Windo nawa na bugun takardun mutane, Ubuntu nasa. In an kunna sai ta tambayi wanda za a shiga. Bayan rasuwarsa ɓangarena ya kamu da bairos, na kira Kalilu mai gyara ya sake zuba Windo. Da ya gama, tambayar nan ta ɓace, ana kunnawa sai ta zarce nawa kamar ba a taɓa yin wani a ciki ba. Ban kawo komai a raina ba sai da Khairunnisa, matar marigayin, ta aiko Barakatu ta gaya mini cewa in ta fita takaba mahaifinta zai zo ya mayar da ita Sandamu, kuma ba ta neman komai a gidan nan sai bidiyoyin da mijinta ya ɗauka yana wasa da 'yarsu Mardiyya. Ta ce yarinyar ba ta yi wayo ba, kada ta tashi ba ta san muryar ubanta ba. Wayarsa ta ragargaje a hatsarin, saboda haka babu su a ko'ina sai a ɓangarensa.

Na koma wurin Kalilu. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ƙarshe ya mayar da ita abin da ya fi da muni: baƙin allo da ɗan rubutun Turanci, nawa ma ya daina buɗewa. Sai ya ce in yi haƙuri, wancan ɓangaren ya riga ya tafi, a goge komai a sake sabo in ci gaba da sana'ata. Na ce masa ya ɗauke hannunsa. Ni da na fara da tafireta ɗaya a bakin tasha, babu wanda ya ba ni ko kujera, ba shi zai koya mini abin da ake zubarwa ba. Shago ya zauna a rufe, masu kawo aiki suka koma wurin wasu.

Abin da ka faɗa mini a waya shi na riƙe, cewa kayan suna nan, ƙofar ce kawai Windo ya toshe da tasa. Na tafi Katsina aka zuba mini Ubuntu a filas, don intanet ɗinmu ba zai ja ba. Da hannuna na yi sauran. Na soka filas, na kunna ina danna maɓallin da ka ce, na zaɓi gwaji ban zaɓi zubawa ba, kamar yadda ka yi ta nanata mini. Sau da yawa na rubuta umarnin gyaran da ka ba ni ta ƙi, ashe tazara ɗaya nake tsallakewa. Ana cikin gyaran aka ɗauke wuta, na zauna ina kallon allon ina salati, ina jin na binne yaron nan karo na biyu. Na tayar da janareta na sake daga farko. Da ta gama na zare filas na kunna, sai ga tambayar ta dawo.

Bai sa lambar sirri ba, ka san halinsa. Bidiyoyin suna nan cif. Na kira Khairunnisa na kunna mata ɗaya, yana ɗaga Mardiyya sama yana kiranta Hajiyar Sandamu. Yarinyar ta waiga tana duba bayan allo. Ni dai fita na yi. Na kwafe mata duka a filas biyu, na ce ta ba mahaifinta ɗaya ya adana. Ranar Asabar suka tafi. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa sani ba.

Saura abu ɗaya. Tun da aka gyara, nasa ne a sama. In na kunna ban yi saurin danna ƙasa ba, sai ta shige ɓangarensa, hotonsa da 'yarsa ya cika allo, mai kawo aiki yana tsaye yana jira. Ka ce in kira ka ka nuna mini yadda ake mayar da nawa gaba, aikin ɗan lokaci ne. Na gode, amma kada ka jira kiran. Hannuna bai yi nauyin da zan kasa danna maɓalli ba. In na bar ta ta wuce, da sanina ne.

Ka gaishe da Zubaida da Yahya da autarku Murja. Barakatu da Yaya Larai suna gaishe ku. Ku sa Zakiyyu a addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Naka yayanka,
Ja'afaru